Daga Fage Zuwa Benci: Ɗan Ƙwallon Da Ya Zama Mai Horarwa A Ma'aunin Adabin Bakan Hausa

1.0 GABATARWA

Manazarta adabin Hausa sun daɗe suna bibiyar maza a fagagen da al'ada ta san su da su, wato fagen dambe da na kokawa da na farauta da na tauri. An tattara kirarinsu, an yi sharhin waƙoƙin makaɗansu, an kuma fito da jigogi da salailan da ke cikinsu. Sai dai akwai wani fage da ke tara dubban jama'a a biranen Arewa, wanda nazari bai ba shi haƙƙinsa yadda ya kamata ba, shi ne filin ƙwallon ƙafa. A wannan fili ana yin Hausa mai yawa: ana kirari, ana zambo, ana habaici, ana ƙirƙirar laƙabi, ana kuma ba da labarin rayuwar mutane daga baki zuwa baki, a majalisu da gidajen kallo da shirye-shiryen wasanni na rediyo.

Wannan takarda za ta dubi ɓangare guda ne na wannan Hausa, wato yadda take ba da labarin mutumin da ya fara a matsayin ɗan wasa, sannan ya koma mai horar da 'yan wasa. Abin da takardar ke son tabbatarwa shi ne, Hausar filin ƙwallo ta gaji zubin labari wanda ya dace da ɗan wasa daga fagen dambe, amma da zarar ɗan wasan ya bar fage ya zauna a benci, sai wannan zubi ya kasa ɗaukarsa. Sakamakon haka, rabin rayuwarsa na farko yakan zauna cikin kirari, rabi na biyu kuwa, wanda sau da yawa ya fi tsawo da amfani, sai ya faɗa hannun zambo ko mantuwa. An zaɓi garin Minna da ƙungiyarsa ta Niger Tornadoes a matsayin farfajiyar nazarin, sannan za a gwada abin da aka gano a kan rayuwar masu horarwa biyu sanannu, Salisu Yusuf da Isah Ladan Bosso.

2.0 MINNA DA ƘUNGIYARTA

Minna asalinta mazaunin Gbagyi ne, waɗanda Hausawa ke kira Gwari. Ta bunƙasa ne bayan shimfiɗa layin dogo daga Baro zuwa Kano a farkon ƙarni na 20, ta kuma zama babban birnin Jihar Neja da aka ƙirƙiro a 1976. Jirgin ƙasa da aikin gwamnati sun tara Gbagyi da Nufawa da Hausawa da Fulani da Yarabawa da Ibo a wuri guda, Hausa kuwa ita ce harshen da ya fi haɗa su a kasuwa da tasha da filin wasa. Wannan ya sa Minna ta dace da irin wannan nazari, domin Hausar da ake yi a filin wasa na Bako Kontagora, gidan Niger Tornadoes na asali, ta kowa da kowa ce, har da waɗanda ba su tsotse ta a nono ba.

Tarihin ƙungiyar a gasar cin kofin ƙalubale na ƙasa yana da ranaku uku da magoya bayanta ba su mantawa. A 2000 ta ci kofin bayan ta doke Rangers ta Enugu da ci ɗaya da nema. A 2017 ta kai wasan ƙarshe a Legas, aka tashi babu ci, Akwa United ta ɗauke kofin a bugun fenariti. A 2019 ta sake kaiwa wasan ƙarshe a filin wasa na Ahmadu Bello da ke Kaduna, aka sake tashi babu ci, Kano Pillars ta yi nasara a bugun fenariti da ci 4 da 3.

Abin da ya fi jan hankalin manazarcin harshe shi ne taken ƙungiyar, wato "Ikon Allah". Idan aka kwatanta shi da taken Kano Pillars, "Sai Masu Gida", za a ga bambanci mai muhimmanci. Taken Kano bugun ƙirji ne da nuna isa, irin na mai gari a gaban baƙo. Na Minna kuwa yana ɗauke da ma'ana biyu da Bahaushe ya saba ba wannan furuci. Ta farko ita ce mamaki, kamar yadda akan ce "ikon Allah!" idan an ga abin da hankali bai zata ba. Ta biyu ita ce sallamawa, wato mayar da al'amari ga Mai shi. Duka ma'anonin biyu sun dace da ƙungiyar da takan kayar da waɗanda suka fi ta kuɗi da suna.

Bisa ga tauhidi babu abin cewa game da wannan take. Matsalar tana cikin yadda bakin 'yan kallo ke raba shi. Ranar nasara akan ce ikon Allah ne, a yaba wa wanda ya zura ƙwallo. Ranar faɗuwa kuwa da wuya a tsaya ga ikon Allah, sai a nemi wanda ya tsara 'yan wasa, a tambayi dalilin da ya sa ya cire wane ya sa wane. Ke nan mai horarwa yana da cikakken kaso a cikin faɗuwa, amma kasonsa a cikin nasara ɗan kaɗan ne. Wannan rashin daidaito shi ne tushen abin da za a tattauna a gaba.

3.0 ZUBIN KIRARI: ƊAN WASA A MATSAYIN GWARZO

Kafin zuwan ƙwallo, Bahaushe yana da cikakken zubi na ba da labarin namijin fage. A dambe, mutum ɗaya ne ke fuskantar mutum ɗaya, hannunsa ɗaure da zare, makaɗinsa na gefe yana zuga shi. Idan ya kai abokin karonsa ƙasa sai a ce ya kashe shi. Waƙar da Muhammadu Bawa Ɗan'anace ya yi wa Shago ta isa misali a kan yadda makaɗi ke ɗaukar ɗan dambe ya mayar da shi abin tsoro, har sunansa ya wuce zamaninsa. Tubalan wannan zubi sanannu ne: akwai jarumi guda, akwai rana guda da aka gwada maza, akwai bugu guda da ya raba gardama, sannan akwai laƙabi da ke tattara duk wannan cikin kalma ɗaya ko biyu.

Da ƙwallo ta shigo, ba a sha wahalar zuba ɗan wasa cikin wannan zubi ba. Aikatau da ake amfani da su wajen bayyana wasa na fagen fama ne. Ana cewa ƙungiya ta doke wata, ko ta lallasa ta, ko ta casa ta, wadda aka rinjaya kuma a ce ta sha kashi. Ɗan gaba yakan yanke 'yan baya, ya ɗaɗa ƙwallo, ya zura ta a raga. A duk waɗannan jimloli ɗan wasa ne aikau, aikin kuma na nan take ne, wanda ido ya gani.

Tijjani Babangida misali ne da ya shafi Minna kai tsaye. A Niger Tornadoes ya yi wasa kafin ya tafi ƙasar Holan a 1991, inda ya buga wa Roda JC, daga baya ya koma Ajax a 1996. Yana cikin 'yan wasan da suka ciyo wa Nijeriya lambar zinariya a gasar Olamfik ta Atlanta a 1996. Duk da tsawon wannan tafiya, abin da baki ya fi riƙewa game da shi shi ne gudunsa, da kuma ƙwallaye biyun da ya ci Afirka ta Kudu a Legas a wasan kusa da na ƙarshe na gasar cin kofin Afirka ta 2000. A nan an sami jarumi, an sami rana, an sami bugu, don haka labarinsa ya zauna daram cikin zubin kirari.

Laƙabi ma haka yake aiki. Daniel Amokachi, wanda ya taso a Kaduna ya buga wa Ranchers Bees kafin ya tafi Turai, an san shi da laƙabin Turanci mai ma'anar bijimi, wanda dabbantarwa ce irin wadda makaɗan maza suka saba yi. Ya zama mataimakin mai horarwa a lokacin da Nijeriya ta ci kofin Afirka a 2013, amma laƙabin bai motsa ba, yana nan yana bayyana ƙarfin ƙirjin matashin shekarun 1990. Haka kuma Ahmed Garba na Kano Pillars, wanda aka fi sani da Yaro-Yaro, ya shiga sahun masu horarwa, yana koyar da yaran da ya haifa, amma bakin jama'a bai daina kiransa da sunan ƙuruciya ba. Wannan yana nuna cewa kirari yana da wata ɗabi'a ta daskarar da mutum a ranar da ya fi haskawa. Ba shi da hanyar nuna cewa gwarzo ya girma, ya sauya sana'a, ya koyi wani abu sabo.

4.0 HARSHEN BENCI

4.1 Koci da Mai Horarwa

Hausa tana da suna biyu ga mai wannan aiki. Akwai "koci", kalmar aro daga Ingilishi, wadda ita ce ta fi yawo a bakin 'yan kallo. Akwai kuma "mai horarwa" ko "mai horas da 'yan wasa", wanda kafofin watsa labarai suka fi amfani da shi. Kalmar aro ba ta ɗauke da wani tarihi a cikin harshen, don haka ba ta jawo wa mai ita wata daraja ta gado. Ta biyun kuwa tana da zurfi. Tushenta shi ne "horo", wanda a Hausa ya ƙunshi tarbiyya da gargaɗi da kuma hukunci. Uba yana horon ɗansa, malami yana horon almajirinsa, ana kuma horon doki kafin a hau shi. A duk waɗannan, aiki ne na tsawon lokaci da ake yi a bayan idon jama'a.

Ta fuskar nahawu kuma, "horar" ko "horas" yana cikin aikatau 'yan giredi na biyar bisa rabon da F. W. Parsons ya yi, tare da irin su "koyar" da "ciyar" da "sayar". Yawancin aikatau na wannan aji suna nuna aikin da ya tashi daga aikau ya ƙare a jikin wani. Wannan ya yi daidai da halin mai horarwa, domin gwanintarsa ba ta bayyana sai a ƙafar wani. Idan dabararsa ta yi aiki, wanda ya zura ƙwallo ake gani. Zubin kirari kuwa yana bukatar aikin da gwarzo ya yi da hannunsa a gaban shaidu. A nan ne zubin ya fara tsagewa.

4.2 Naɗi da Kora

Wani abin lura shi ne irin jimlolin da sunan mai horarwa ke fitowa a cikinsu a labaran wasanni. Mafi yawansu suna farawa da "an", wanda ke ɓoye mai aikatawa: an naɗa shi, an ba shi wa'adin wasa uku, an dakatar da shi, an sallame shi, an kore shi. Mutumin da a da yake aikau a kowace jimla, yanzu ya koma karɓau, wato wanda aiki ke faɗa wa.

Akwai kuma rashin jituwa tsakanin kalmar shiga da kalmar fita. "Naɗi" kalmar sarauta ce, daga naɗin rawani ta samo asali. Wanda aka naɗa kuwa, idan za a raba shi da kujerarsa, tuɓe shi ake yi ko a tsige shi, ko kuma shi da kansa ya yi murabus. "Kora" da "sallama" kalmomi ne da aka fi yi wa bara ko ɗan ƙodago. Saboda haka harshen yana shigo da mai horarwa ta ƙofar sarauta, ya fitar da shi ta ƙofar barori. Wannan ba laifin harshe ba ne shi kaɗai, hoto ne na yadda aikin yake a Nijeriya, inda yawancin ƙungiyoyi, har da Niger Tornadoes da Kano Pillars, mallakar gwamnatocin jihohi ne, mai horarwa kuma yakan yi ta ƙaura daga wannan gari zuwa wancan. Amma idan aka tara labarin mutum daga irin waɗannan jimloli kaɗai, abin da za a samu shi ne jerin naɗi da kora, babu ko kalma guda a kan abin da ya koyar a tsakaninsu.

5.0 RAYUWA BIYU A MA'AUNI

5.1 Salisu Yusuf

An haifi Salisu Yusuf a Zariya a 1962. Ya yi wasa a matsayin ɗan tsakiya, ya buga wa Ranchers Bees ta Kaduna da El-Kanemi Warriors ta Maiduguri. Tun daga nan ana iya ganin wahalar da zubin kirari zai sha da shi, domin ɗan tsakiya mai rarraba ƙwallo ne, aikinsa ya fi kusa da na mai horarwa fiye da na mai zura ƙwallo.

Bayan ya bar wasa, yana cikin masu horarwar da suka kai Kano Pillars ga cin gasar lig ta ƙasa karo na farko a tarihinta a 2008. A 2013 ya ci kofin ƙalubale da Enyimba ta Aba, wato Bazazzagi ya je ƙasar Ibo ya yi nasara. A 2016 ya riƙe Super Eagles na wucin gadi, ya ci Mali da Luksambag a wasannin sada zumunta, daga baya ya yi aiki tare da Bajamushen nan Gernot Rohr. A watan Fabrairun 2018 ya kai 'yan wasan Nijeriya masu bugawa a gida wasan ƙarshe na gasar Afirka ta 'yan wasan cikin gida, karo na farko da ƙasar ta kai wannan mataki, inda Maroko mai masaukin baƙi ta ci su 4 da nema a Kasabalanka.

A watan Yulin wannan shekarar ne BBC ta nuna wani hoton bidiyo da ɗan jaridar Gana Anas Aremeyaw Anas da mutanensa suka ɗauka a ɓoye, inda aka ga Salisu yana karɓar kuɗi daga wasu da suka zo da sunan wakilan 'yan wasa. Shi ya ce kyauta ce aka ba shi, kuma ba ta shafi zaɓen 'yan wasansa ba. Kwamitin ɗa'a na hukumar ƙwallon ƙafa ta Nijeriya ya same shi da laifin karɓar dala 1,000, ya dakatar da shi shekara guda tare da tarar dala 5,000. Da wa'adin ya cika ya koma aiki, ya horar da Rangers ta Enugu.

Wannan takarda ba ta da hurumin sake shari'ar da aka riga aka yanke. Abin da ya shafe ta shi ne yadda lamarin ya shiga labari. Da farko, muhawarar da aka yi a kansa a tsakanin masu jin Hausa muhawara ce ta kalmomi. Hausa tana da kyauta da goro da tukuici da alheri a gefe guda, tana da toshiya da cin hanci da rashawa a ɗaya gefen, kuma abin da ke raba su shi ne niyya da matsayin mai karɓa. Wanda ya zaɓi kalma daga rukunin farko ya riga ya wanke shi, wanda ya zaɓa daga na biyu ya riga ya hukunta shi. Na biyu kuma, wannan bidiyo ya ba bakin jama'a abin da shekaru masu yawa na horarwa ba su ba shi ba, wato mutum guda, rana guda, da aiki guda da ido ya gani. Waɗannan su ne tubalan kirari, kuma su ne dai tubalan zambo, domin zambo kirari ne da aka juya bayansa. Shi ya sa 'yan mintocin nan suka fi sauƙin riƙewa a ka fiye da kofin 2008 da na 2013. Mai rubuta tarihi na gaskiya dole ne ya faɗi laifin da hukuncinsa ba tare da rufa-rufa ba, ya kuma ajiye su a inda suka dace a cikin tsawon rayuwar, maimakon ya bar su su haɗiye ta.

5.2 Isah Ladan Bosso

Sunan wannan mai horarwa shi kansa abin nazari ne. "Ladan" a Hausa shi ne mai kiran salla, Bosso kuwa gari ne da ya haɗe da Minna, inda Jami'ar Fasaha ta Tarayya take da ɗaya daga cikin harabobinta. Jingina mutum ga garinsa tsohuwar al'ada ce, kamar yadda aka sami Aminu Kano da Shehu Shagari. Ke nan duk inda aka ambaci mutumin a duniyar ƙwallo, an ambaci wani yanki na Minna. Ya horar da Niger Tornadoes, ya kuma horar da ƙungiyoyi da dama, ciki har da Wikki Tourists ta Bauci da Kano Pillars da El-Kanemi Warriors da Abia Warriors.

An fi saninsa da Flying Eagles, wato ƙungiyar ƙasa ta 'yan ƙasa da shekara 20. A 2007 ya kai ta zagayen ƙungiyoyi takwas na gasar duniya a Kanada. An cika minti 90 da ƙasar Cile babu ci, amma a ƙarin lokaci aka zura wa Nijeriya ƙwallo huɗu. Bayan wasan ya zargi alƙalin wasa, Howard Webb na Ingila, da wariyar launin fata, abin da ya sa FIFA ta dakatar da shi wata huɗu tare da tara. A 2009 ya zo na uku a gasar matasan Afirka a Ruwanda, aka maye gurbinsa da Samson Siasia.

A 2020 aka sake ba shi ƙungiyar. A 2022 ya ci kofin shiyyar Afirka ta Yamma a birnin Yamai, a 2023 ya zo na uku a gasar matasan Afirka a Masar. A gasar duniya ta wannan shekarar yaransa suka ci Italiya 2 da nema, sannan suka fitar da Ajantina mai masaukin baƙi da ci 2 da nema, ta ƙafar Ibrahim Muhammad da Rilwanu Haliru Sarki. A zagayen ƙungiyoyi takwas Koriya ta Kudu ta fitar da su da ci ɗaya, shi ma a ƙarin lokaci.

Ga mai neman jigo, wannan rayuwa tana da abin da marubuci ke bukata. Mutum guda ya tsaya a bakin ƙofa guda sau biyu, shekara 16 a tsakani, kuma duka biyun a ƙarin lokaci aka rufe masa ita. A karo na farko fushi ya rinjayi harshensa har ya jawo masa hukunci. Tsakanin wannan rana da waccan akwai kora, da yawon ƙungiyoyi, da dawowa. Jigon haƙuri da juriya ne, wanda adabin Hausa ya san shi sarai. Amma zubin kirari ba ya iya ɗaukar shekara 16. Abin da yake iyawa shi ne ya ɗauki daren Ajantina ya miƙa wa waɗanda suka zura ƙwallo, ya ce ikon Allah, sannan ya ɗauki daren Koriya ya ɗora wa mai horarwa.

6.0 ZUBIN DA YA DACE

Ba za a ce Hausa ba ta da wani zubi sai na gwarzo ba. Tana da zubin malami da almajiri, inda darajar malami take a cikin waɗanda suka yi karatu a gabansa, ana kuma ba da tarihinsa ta hanyar ambaton malamansa da ɗalibansa. Tana da zubin maigida da yaronsa a sana'o'in gargajiya kamar ƙira da jima da rini, inda ake tambayar gwani a wurin wa ya koya. Ko a fagen dambe akwai tsofaffin 'yan dambe da sarakunan dambe waɗanda ke tsara wasa, su haɗa wane da wane, ko da yake makaɗa ba su cika tsayawa a kansu ba. Karin magana ma tana da abin da ya dace da wannan aiki. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, in ji Hausawa, wannan kuwa shi ne aikin mai horar da 'yan ƙasa da shekara 20. Sun kuma ce ba a fafe gora ranar tafiya, wato abin da aka gani ranar wasa an gina shi ne a ranakun atisaye da babu ɗan kallo.

Idan aka auna mai horarwa da wannan ma'auni, tambayoyin za su sauya. Za a tambayi a hannun wa ya yi wasa, me ya ɗauka daga gare shi, me ya watsar. Za a tambayi su wane ne suka bi ta hannunsa, ina suka kai. Za a kuma tambayi yadda ya ji a ranar da jikinsa ya fara ƙin abin da zuciyarsa ke so, domin wannan ita ce mahaɗar rabin rayuwarsa biyu. A Hausar labaran wasanni akan taƙaita wannan babbar rana da cewa wane ya rataye takalmansa, wanda fassara ce kai tsaye daga Ingilishi, kuma ta tsaya ga abin da aka ajiye ba tare da ta dubi abin da aka ɗauka ba.

Irin waɗannan tambayoyi sun fi ƙarfin take da laƙabi, suna bukatar rubutaccen tarihin rayuwa. Hausa ta nuna tana iya wannan aiki. Littafin Shata Ikon Allah! wanda Ibrahim Sheme da abokan aikinsa suka fitar a 2006 ya bi rayuwar mawaƙi guda daga farko har ƙarshe, ta hanyar tattaro bayanai daga bakin waɗanda suka zauna da shi. Abin lura ne cewa a sunan wannan littafi an jingina "ikon Allah" ga mutum ne, wato baiwar da aka ba shi da abin da ya yi da ita duka abin mamaki ne. Wannan ma'ana ce ta kamata a faɗaɗa taken Minna ya ƙunsa, har ya kai ga mutumin da ke zaune a benci.

7.0 KAMMALAWA

An yi ƙoƙari a wannan takarda a nuna cewa Hausar filin ƙwallo ta gaji zubin gwarzo daga fagen dambe, zubin da ya karɓi ɗan wasa amma ya kasa karɓar mai horarwa. An ga haka a rabon taken "Ikon Allah" tsakanin ranar nasara da ranar faɗuwa, da yadda laƙabi ke tsayar da mutum a ƙuruciyarsa, da yadda mai horarwa ke komawa karɓau a jimla, ana naɗa shi da kalmar sarauta ana fitar da shi da kalmar barori. Rayuwar Salisu Yusuf ta nuna yadda rana guda ke iya danne shekaru, ta Ladan Bosso kuma ta nuna jigon da zubin kirari bai da faɗin da zai ɗauka.

Aikin da ke gaban manazarta a bayyane yake. Akwai bukatar a tattara take da laƙabi da habaicin da ake yi a filin Bako Kontagora da takwarorinsa na Kano da Kaduna da Katsina, kamar yadda aka tattara kirarin 'yan dambe da mafarauta. Akwai kuma bukatar sassan nazarin harsunan Nijeriya su tura ɗalibansu su zauna da tsofaffin 'yan wasa da masu horarwa, su naɗi maganarsu da Hausa. Waɗanda suka ɗauko kofin 2000 suka kawo shi Minna yanzu sun manyanta, kuma abin da suka sani game da yadda aka shirya wannan nasara yana cikin kawunansu ne. Lokacin da ya dace a tambaye su shi ne yanzu da suke iya ba da amsa.